Birkin Kwaɗon Mika

Shekarar da Mika ya dawo daga Kwatano da motar nan, babu gidan da ba a yi zancenta ba a Rikoto, unguwarsu a garin Zuru. 'Yar ƙarama ce, ja, kujera biyu kacal, kuma a ƙasa take ƙwarai, in ka zauna a ciki sai ka ji kamar a kan tabarma kake. Fitilunta a ɓoye suke, sai an kunna su sannan su ɗago kai su zazzaro ido. Ba a yi kwana uku ba aka raɗa mata suna Kwaɗo, sunan kuma ya bi ta. Mahaifiyarsa, Mama Saloma, ta zagaya ta sau ɗaya da hannu a baya, ta leƙa but, ta ce, "To ina buhun dawa zai zauna?" Mika ya yi dariya ya ce ai ba don dawa aka ƙera ta ba.

Kofur ne a soja, kamar yadda marigayi ubansu ya yi soja, kamar rabin mazan unguwar. Wata biyar ya samu ya ji daɗin motarsa, kullum da safe sai ya wanke ta ko ba inda za shi, sai aka tura bataliyarsu aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur. Farkon shekarar 2006 ke nan. Ranar tafiya ya danƙa makullin a hannun yayarsa Dinah.

"Yaya, ki riƙa hawa. Mota in an ajiye ta lalacewa take yi. Amma kada ki ba kowa."

Dinah nas ce, tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti ta wajen Dabai. Ta daɗe da iya tuƙi, da tsohuwar a-kori-kurar asibitin ta koya. Da farko nauyin abin take ji, mace mai shekara talatin da biyar da fararen kayan aiki a cikin motar samari, sai ta ci gaba da hawa kabu-kabu. Amma da damina ta sauka, ruwa ya yi mata duka sau biyu a hanya, sai ta ɗauki makulli. Kafin wata guda ta saba da Kwaɗo. Har ta fara son ta, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba.

Wata Asabar a ƙarshen damina, dawa ta yi tsawo ta fitar da kai, ta kai Mama duba ƙanwar Maman da ba ta da lafiya a wani ƙauye da ke saman dutse, can bayan Dabai. Hawan bai ba ta wahala ba. Da la'asar suka juyo. Hanyar doguwar gangara ce mai kwana-kwana, ruwa ya zaizaye gefenta, don haka tun daga sama Dinah ta ɗora ƙafa a kan birki ba ta ɗaga ba. Mama na rungume da kwandon gyaɗa a cinya, tana ta labarin yadda ƙanwarta ta rame.

Wari Dinah ta fara ji, kamar ana ƙona roba. Sannan birkin ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafarta, sai ka ce nunanniyar gwanda ta taka. Ta ƙara dannawa, ya tafi har ƙasa. Motar ba ta rage gudu ba, ƙarawa ma take yi.

A gindin gangarar akwai kwalbati. Wata bas ta tsaya a kai tana sauke fasinja, mata da kaya a ka sun cika hanya.

Dinah ba ta yi ihu ba. Ta saba tsayawa a kan mace jini na zuba, dangi na kallon fuskarta, ta san in ta firgita kowa ya firgita. Ta buga birkin sau uku da sauri, babu. Ta taka kuloci ta cusa giya ta biyu, injin ya yi wani irin kuka, su biyun suka dungura gaba. Ta riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan. Gudun ya ragu, amma bai isa ba. Ta dubi matan nan, ta dubi gonar dawa a hannun hagu, ta murɗa sitiyari.

Kara ya yi ta dukan gilashi, fas-fas-fas, gyaɗa ta watse ko'ina a cikin motar. Tayoyin suka nutse a ƙasar gona mai laushi, motar ta yi tsalle biyu ta tsaya, injin ya mutu.

"Mama? Kin ji ciwo?"

Mama Saloma ta dubi hannayenta, ta dubi ƙafafunta. Ta tura ƙofa da ƙyar saboda karan da ya tokare ta, ta fita, ta durƙusa a tsakiyar gonar mutane ta yi addu'a da harshensu na Dakarci da ƙarfi. Da ta miƙe ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Allah ya bar mu da rai. Amma ni da wannan abu mun rabu." Ta nufi bas ɗin da ƙafarta.

Mutane suka taru suka turo Kwaɗo zuwa bakin hanya, da yake ba nauyi gare ta ba. Mai gonar, wani dattijo, ya dubi karan da aka kwantar, ya dubi Dinah, ya gane ita ce ta karɓi haihuwar jikarsa bara, ya ce ta bar zancen dawa. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne, da ta sake shiga ta taka birkin bayan an gama hayaniya, sai ta ji ya dawo da ƙarfinsa kamar ba abin da ya faru. Ta kulle motar ta bar ta a nan. Direban bas ya jira ta. Ta shiga ta zauna kusa da Mama.

Washegari da ta fito daga coci ta nemi Malam Maharazu. Bakanike ne mutumin Jega, ya fi shekara ashirin a Zuru, garejinsa na ƙarƙashin wata darbejiya a bayan tasha, kuma shi ke duba motar tun Mika na nan. Ya hau kabu-kabu ya je ya lallaɓo da ita. Ya ɗaga ta da jak, ya cire tayoyin gaba, ya daɗe yana dube-dube. Sannan ya zuƙo man birki a wata kwalba ya ɗaga ta saitin rana. Baƙi ne, kamar shayin da ya kwana a buta.

"Sista, kin gani? Wanga mai tun ƙasar Turawa yake ciki, ba wanda yac canza shi. Ya sha ruwa. In kin daɗe kina taka birki wuri ya yi zahi, sai ruwan ya tafasa ya koma iska. Iska kuwa ko kin danne ta ba ta tura komi. Shi ya sa da ya huce yad dawo."

Ya nuna mata takalman birki, waɗanda ke matse faifan ƙarfe in an taka. Sun cinye saura ƙiris, fuskarsu ta yi sulɓi tana ƙyalli. Faifan ya yi zane-zane. Tiyon robar da mai ke bi duk ya tsattsage, in an taka birki sai ya kumbura.

"Da wace giya kinka sauko?"

"Ta huɗu."

Ya girgiza kai. "Gangara irin wannan da biyu ake saukowa. Inji shi riƙe mota, birki shi huta."

Da yammar ranar Mika ya kira, kamar yadda yake yi duk Lahadi in ya samu wayar sansaninsu. Minti biyar ake ba kowa. Dinah ta riga ta roƙi Mama kada ta faɗa masa abin da ya faru, don mutumin da ke inda ake harbi bai kamata a ƙara masa tunanin gida ba. Abin da ta ce masa kawai shi ne birkin Kwaɗo na son gyara.

Sai ta ji muryarsa ta washe.

"Yauwa! Dama na daɗe ina son canza shi. Yaya, akwai wasu manya jajaye, faifansu mai huji-huji, irin na motocin tsere. Wani abokina a nan yana da mujalla, kullum sai na duba hoton. Zan kira Oga Anselm ya kawo su daga Legas. In na dawo in hango su ta cikin taya, ja wur!"

Ya yi dariya irin tasa ta ƙuruciya. Rabon da ta ji wannan dariyar tun kafin ya tafi. Ta ce to.

Anselm mai sayar da kayan mota ne a bakin tasha. Ɗan Anambra ne, amma tun yana saurayi yake Zuru, a nan ya yi aure ya haifi 'ya'yansa, Hausa ta zauna a bakinsa, Dakarci ma yana taɓawa. Bayan kwana tara ya aiko a gaya wa Sista kaya sun iso. Da kansa ya kwaso su zuwa gareji, ya shimfiɗa kwali a inuwa ya jera su.

Sun yi kyau, wannan ba ƙarya. Ga kalifa biyu jajaye, wato ƙarfen da ke riƙe takalman birki ya matsa su, kowace ta ninka ta motar girma. Ga faifai manya masu sheƙi da huji a jere. Ga takalma a cikin kwalinsu mai hoton motar tsere. A gefe guda kuma ya ajiye wasu kayan da ba su da ado: faifai sumul daidai girman na motar, takalma masu kyau na titi, tiyo huɗu da aka saƙa wa zaren ƙarfe a jiki, da gwangwani biyu na sabon mai mai jure zafi.

"Waɗannan fa?" in ji Dinah.

"Malam ne ya ce in haɗo da su," in ji Anselm. "Amma Kofur jajayen ya ce. Sista, in aka sa mata waɗannan, daga nan har Kontagora babu mai irinsu."

Dinah ta dubi Maharazu. Shi kuwa ya ci gaba da goge sifana da tsumma.

"Malam, ka ce wani abu mana."

"Mota ba tawa ba ce, Sista, kuma ba ni ke hawa ba. Amma bari a gwada ki gani da idonki."

Ya ɗora babban faifan, ya maƙala jar kalifar da noti biyu, sannan ya ɗago taya ya nufi mazauninta. Ƙwas. Ya juya ta ya sake gwadawa. Ƙwas. Rim ɗin, wato ƙarfen tayar, ya tokare da kalifar, saura kusan yatsa biyu ya zauna.

Anselm ya sosa ƙeya. "Sai an canza rim duka huɗu, a sa manya, sannan a sa musu taya mara kauri. Zan iya kawowa."

Dinah ta tuna ramukan da ke tsakanin Rikoto da asibiti, waɗanda ta haddace ɗaya bayan ɗaya. Ta hango kanta da fararen kaya a bakin hanya, rim a lanƙwashe, can kuma wata na naƙuda ana jiran ta.

"Hujin nan na mene ne?"

"Don shan iska," in ji Maharazu. "A titin da ba ƙasa. Nan kuwa jar ƙasa da tsakuwa za su cika shi su riƙa cin takalmi. Wani ma daga bakin hujin yake hwara tsagewa."

Ta ɗauki kwalin takalman. Al'adarta ce ba ta ba mara lafiya magani sai ta karanta takardarsa har ƙananan rubutun. A can ƙasan kwalin, da Turanci, an rubuta cewa na filin tsere ne, ba sa kamawa sosai sai sun ɗauki zafi, kada a sa su a motar da ke bin titin jama'a. Ta karanta a fili, ta fassara wa Maharazu.

Anselm ya karɓa ya kai kusa da idonsa. "Chineke! Ban ga wannan ba."

Bakwai saura take fita daga gida, daidai lokacin da 'yan makaranta ke tsallaka titi a Rikoto. A wannan lokacin birki a sanyaye yake.

Ta zauna a kan benci. Kayan jajayen na gabanta suna sheƙi, ita kuma dariyar Mika take ji a kunnenta. Wata bakwai yana barci a tanti, abin da yake ɗebe kewa da shi hoton nan ne na mujalla. Motarsa ce, da guminsa ya saye ta. Amma ita ce ta ji birki ya tafi ƙasa da uwarsu a gefe.

"Malam," ta ce, "ranar nan a gangara, me da me ya gaza? Faɗa mini ɗaya bayan ɗaya."

Ya ajiye sifanar. "Mai. Tiyo. Takalmi. Sai ƙafarki."

"Kalifar motar fa?"

"Lahiyarta lau. A wanke ta a sa mata sabuwar roba, sai ta ƙara shekara goma. Motar ga ba nauyi gare ta ba, abin da anka ƙera ta da shi ya ishe ta."

"To mu a wurinmu ba ma yi wa lafiyayyen wuri tiyata." Ta nuna kayan da ba su da ado. "Waɗannan za a sa. Oga Anselm, ka yi haƙuri da wahalar da ka sha."

"Haba Sista, ba komai." Ya fara mayar da jajayen cikin kwali. "Akwai wani kyaftin a bariki, motarsa babba ce, rim ɗinta zai ɗauki kalifar. Takalman nan kuwa Legas za su koma, ba zan sa wa kowa su a garin nan ba. Ke dai ki san abin da za ki gaya wa Kofur."

Ta ce wa Maharazu ya dakata har Lahadi, ba ta so a taɓa motar kafin mai ita ya ji daga bakinta.

Da Mika ya kira ta yi masa bayani dalla-dalla, rim, huji, rubutun kwali. Ya saurara bai katse ta ba.

"Motata ce fa, Yaya."

"Na sani."

"Abu ɗaya na roƙa. Ku kuna gida hankalinku kwance, ni abu ɗaya tak na roƙa."

Ta buɗe baki za ta gaya masa gaskiya, gangarar, gonar, komai, sai layin ya yi ƙara ya yanke. Ta zauna da wayar a hannu har aka kira magariba a masallacin unguwa. Bai sake kira ba.

Ran Litinin da ta tashi daga aiki ta je gareji ta ce a sa. Maharazu ya riga ya wanke kalifar ya canza mata roba. Ya ɗora sababbin faifai da takalma, ya ɗaura tiyo masu zaren ƙarfe, ya zubar da tsohon mai ya cika da sabo. Sannan ya ce ta shiga ta zauna, akwai aikin da mutum ɗaya ba ya yi.

Ya kwanta a gefen taya da siririn tiyo da kwalba. "Taka. Taka. Taka. Riƙe nan, kar ki saki."

Ya kwance ɗan noti, birkin ya sulale ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta, gabanta ya faɗi duk da ta san a tsaye motar take. Ya ɗaure. "Saki. Sake takawa."

Ta leƙo ta taga. Mai na bin siririn tiyon zuwa kwalba, ƙananan kumfa na tafiya a cikinsa a jere.

"Ai wannan aikinmu ne, Malam. Haka muke fitar da iska daga layin ƙarin ruwa kafin mu sa wa mutum."

"To ashe ke ma bakanikiya ce," ya ce daga ƙarƙashin motar, yana dariya. "Taka."

Haka suka bi taya huɗu. Kumfar ta yi ta raguwa har man ya riƙa fita garau. Da kowace taya Dinah na jin birkin yana ƙara tauri, yana ƙara tasowa sama, har ya kai in ta taka sai ta ji kamar dutse ta taka.

Ya wanke hannu ya shiga kujerar gefe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya kai ta wani miƙaƙƙen titi da ba jama'a, ya sa ta yi gudu ta rage, ta yi gudu ta rage, har sau goma ba tare da ta tsaya cak ba, wai don takalmi da faifai su san juna. Sannan ya ce, "Yanzu mu tahi dutse."

"Yau?"

"In ba yau ba, ba ki ƙara hawa shi."

Ta san gaskiya ya faɗa. Suka kama hanya suka wuce Dabai. Suka hau har sama, ta juya motar, hanyar ta miƙe a gabanta zuwa ƙasa.

"Sa ta biyu. Ɗauke ƙafa."

Ta ɗauke. Injin ya yi gurnani ya riƙe motar, tana sauka a hankali kamar ana riƙe da ita da igiya.

"In kwana ta zo ki taka da ƙarhi ki saki. Kar ki kwanta bisa shi."

Ta taka, motar ta amsa nan take. Ta saki. Kwana ta biyu, ta uku. Babu wari. Suka zo daidai gonar dattijon, har yanzu ga gurbin da Kwaɗo ta buɗe a cikin dawa. Dinah ta kawar da kai. Suna gab da kwalbati, ba kowa a hanya, sai Maharazu ya daka tsawa.

"Taka!"

Ta taka da duk ƙarfinta. Motar ta durƙusa ta tsaya cak, a miƙe, ba ta karkata ko'ina ba. Hular Maharazu ta faɗo kan cinyarsa. Ya ɗauka ya mayar, ya fita, ya kai bayan hannunsa kusa da tayar gaba.

"Ɗumi kawai. Zo ki ji."

Ba ta iya fita ba. Ta kifa goshi a kan sitiyari ta sauke wani dogon numfashi da ta ji kamar tun ranar Asabar ɗin nan yake maƙale a ƙirjinta. Hawaye suka zubo, ta bar su. Maharazu ya juya baya yana kallon gonaki har ta gama.

"Mu sake," in ji shi.

Sau uku suka hau suka sauko. A na ukun Dinah na ba shi labarin wata mata da ta haifi tagwaye a cikin amalanke, sai da suka wuce kwalbati ta lura ba ta ma tuna da birki ba.

Lahadi ta zo, Mika bai kira ba. Mama ta zauna a tsakar gida da wayar a gabanta har rana ta faɗi. Rediyo na ta kawo labarai marasa daɗi daga can. Duk makon Dinah na zuwa aiki tana dawowa, motar na tsayawa duk inda ta ce ta tsaya, amma abinci ya ƙi shiga. Abin da ke cin ta shi ne, a ce maganarsu ta ƙarshe rigimar birki ce.

Lahadi ta gaba, tana tsinke zogale, wayar ta yi ƙara.

"Yaya, ni ne."

Ta zauna a ƙasa. "Mika. Ina ka shiga?"

"Sintiri aka tura mu, kwana goma sha biyu, babu waya a wurin. Lafiyata ƙalau. Yaya, ranar nan na yi miki magana ba daɗi..."

"Tsaya. Akwai abin da ban gaya maka ba."

Ta gaya masa duka. Gangarar, warin, bas da matan da ke kan kwalbati, gonar dawa. Tana gamawa ya jefo mata tambaya.

"Mama na ciki?"

"Tana ciki."

"Yesu." Ta ji numfashinsa. "Ni ina nan ina kallon hoto a mujalla. Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kana da abin da ya ishe ka."

"Ki sa duk abin da Malam Maharazu ya ce. Ki manta da jajayen nan."

"An riga an sa."

"Yana kamawa?"

"Yana kamawa. Sau uku na sauko gangarar da Malam a gefe."

"Da wace giya?"

Ta yi dariya. "Kai ma? Da ta biyu."

"To ba ni Mama, minti biyu ya rage."

Mama Saloma ta riga ta miƙo hannu. Ta karɓi wayar ta juya harshe zuwa Dakarci, ta fara da godiya ga Allah, ba ta kai ƙarshe ba ta koma faɗa, wai yana cin abinci kuwa, wai me ya sa muryarsa ta shaƙe. Dinah ta bar su ta shiga kicin. Akwai sauran tuwon rana a kwano da miyar kuka da ta huce. Ba ta tsaya ɗumamawa ba, ta zauna a bakin ƙofa ta cinye tas, ta kankare kwanon, sannan ta tashi ta duba ko akwai saura a tukunya.